Baba ya daina ɗaga wayata tun da aka sallamo shi daga asibiti

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Babanmu tsohon soja ne, samanja ne ya yi ritaya bayan shekara 35, har Laberiya ya je da rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG. Ya daɗe da hawan jini amma baya shan magani sai ya ga dama, to kwanaki ƙafafunsa suka kumbura numfashi ya gagara aka kwantar dashi sati biyu, likita ya ce zuciyar ce ta yi rauni bata tura jini yadda ya kamata. Yanzu yana gida a Kaduna shi da Mama da ƙanina, ni kuma ina aure a Fatakwal kuma ni ce 'yar fari. Kullum sai na kira shi sau uku sau huɗu ba abun da yake cewa sai da sauƙi, yanzu ma ya daina ɗagawa gaba ɗaya. Mama ta ce ranar Juma'a baya shan maganin fitsarin da aka bashi, abinci in ba gishiri sai ya ture, ya wuni a zaure baya magana da kowa. Ƙanina ya ce in tattaro in dawo gida, ga yara suna makaranta ga maigida. Anti ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne, ke kuma Allah ya miki albarka.

Toh bari in fara da wadda ba zata miki daɗi ba, kiran nan na sau uku sau huɗu a rana ki ajiye shi daga yau. Ki tsaya ki kalli abun daga inda yake zaune mana. Mutum ne da ya yi rayuwarsa shi ke tsawa a filin fareti ƙananan sojoji suna rawar jiki, samanja fa, wanda ko sabon hafsa sai ya bi dashi a hankali, yau an wayi gari 'yar da ya haifa tana kiransa safe da rana da dare tana tambayar ko ya sha magani. Kowane kira tuna masa kike cewa ya zama abun lallaɓawa. Ga kuma kunyar 'yar fari, har yau akwai gidajen da uba baya iya kiran sunan ɗansa na fari, balle ya zauna yana gaya miki jiya sau biyar ya tashi fitsari. Tambayar ma da kike masa, Baba ya jiki, ai amsarta ɗaya ce a wajenmu, ko mutum na kan gadon asibiti da robar iska a hanci da sauƙi zai ce miki. Shi ya gaji, ke kuma baki samu labarin komai ba.

Amma fa ban ce ki jefar da wayar ba, waya tana aiki sosai a irin wannan ciwon in an san yadda ake riƙe ta. A Amurka ma'aikatar tsofaffin sojojinsu tana da asibitocinta na kanta, kuma suma sun sha fama da irin Baba, a yi wa mutum aikin zuciya a sallame shi a ce ya riƙa dawowa ana motsa masa jiki ana duba shi, sai ya ƙi zuwa, wani nisa ne wani ba mai kawo shi wani kuma taurin kai ne kawai. Sai asibitinsu na San Faransisko ya mayar da abun gida. A ba mutum na'urar gwada hawan jini da sikelin awon nauyi, sannan ma'aikacin lafiya ya riƙa kiransa a waya suna bin maganar magani da abinci da tafiya da taba da damuwa, kira har tara cikin sati 12. A 2023 aka fitar da sakamako a mujallar ƙungiyar masana zuciya ta Amurka, cikin tsofaffin sojoji 1,120 guda 490 ne suka yarda suka shiga, da aka bi su wajen shekara huɗu sai aka ga haɗarin mutuwa a cikin waɗanda suka shiga ya yi ƙasa da kashi 36 cikin 100. Kada mu zuzuta abun fiye da kima, tunda da kansu suka zaɓi shiga ƙila dama masu kula da kansu ne, kuma masu kiran ƙwararru ne ba 'ya'yansu ba. Abun da nake so ki lura dashi shine adadin, tara a wata uku. Ke a kwana uku kin kai haka ko ma kin wuce. Nasu kiran yana da rana yana da lokaci kuma yana da abun da za a tattauna, shi ne abun da naki ya rasa.

To ga yadda nake ganin zaki gyara. Ki bari kwana biyu su wuce, sannan ki tura masa saƙon murya ko ki sa Mama ta miƙa masa wayarta, ki ce Baba na ga na matsa maka ka yi haƙuri, ina so ka zaɓa mini rana ɗaya ko biyu a sati da lokacin da ya maka in riƙa kira. Shi zai zaɓa ba ke ba. In ya ce Lahadi ƙarfe biyar na yamma to biyar daidai wayarsa ta yi ƙara, ba biyar da kwata ba, soja yana girmama wanda ya riƙe lokaci kuma da wannan kaɗai zai gane da gaske kike. Sauran kwanakin in kin kira gaisuwa ce zalla, ki haɗa shi da jikokinsa, ku yi maganar farashin masara ko fansho ko labarin da ya ji a rediyo, kada kalmar magani ta fito daga bakinki.

Shi kuma kiran rahoto, wato na ranar da ya zaɓa, littafi zaki saya masa mai bango mai ƙarfi, ya ja layi da kansa, kuma shi ne zai riƙa rubutawa shi ne zai karanto miki. Mutumin da ya yi shekaru yana riƙe rajistar sojoji yana ba na sama dashi rahoto kowace safiya ba sai an koya masa ba, ki ce masa likita ne ke son ganin littafin ranar komawa asibiti, kuma ba ƙarya kika yi ba dan wallahi likita zai ji daɗin ganinsa. Abu na farko a littafin shine nauyinsa. Zuciyar da ta yi rauni kamar injin ban ruwa ne da ƙarfinsa ya ragu, yana aiki amma baya kwashe ruwan duka, sai ruwa ya riƙa taruwa a ƙafa da ciki da huhu, kuma sikeli yana ganin ruwan nan kwanaki kafin ido ya gani. Kowace safiya bayan ya yi fitsari kafin ya karya, da irin kaya ɗaya, a ajiye sikelin kan siminti ba kan kafet ba. In nauyi ya ƙaru da sama da kilo 2 cikin kwana 3 wannan ba ƙiba ba ce ruwa ne, ranar za a nemi likita ba sai ranar da aka rubuta masa a kati ba. Sai awon jini da bugun zuciya, da na'urar da ake ɗaurawa a damtse ba ta wuyan hannu ba, ya zauna ya huta minti biyar tukuna, hannun a kan tebur.

Sannan tambayoyinki su zama irin waɗanda da sauƙi bata amsa su. Baba filo nawa ka sa jiya ka yi barci? In da ɗaya yake sawa yanzu ya koma uku, ko Mama ta ce a kujera ya kwana a zaune, ko yana farkawa tsakar dare yana neman iska, ruwa ne ke hawa huhu. Takalmin da ka sa ranar Juma'ar da ta wuce ya shiga yau? Daga gida zuwa masallaci ka tsaya hutawa a hanya? In ka miƙe daga zaune kana jin jiri? Ki sa ƙaninki ya danna ƙwaurin Baba da babban yatsa na ɗan lokaci ya saki, in wajen ya lotsa ya ƙi tasowa a rubuta. Minti goma sha biyar ya isa duk wannan. Ki yaba abun da ya yi daidai kafin ki taɓa wanda bai yi ba, kuma dan Allah duk abun da kika ji kada ki ce ya ƙara ƙwaya ko ya rage, ke ba likitarsa ba ce, aikinki ki ji ki isar.

Maganar Juma'a kuwa ni ban ga taurin kai a ciki ba ko kaɗan. Maganin fitsarin nan, galibi furosemide ne in kin sa an duba kwalin, cikin awa ɗaya yake fara aiki ya ɗauki wajen awa shida yana fitar da ruwa, to dattijo ya sha da hantsi ya yi alwala ya sa babbar riga ya shiga sahu a tsakiyar masallaci liman yana huɗuba fitsari ya matso shi, ya zai yi? Ya keta sahu ne kowa na kallo? Gara ya bar maganin a ganinsa, kuma ba zai taɓa gaya miki dalili ba. Wannan matsala ce mai sauƙin gyara, a gaya wa likita yadda abun yake a tambaye shi ko ranar Juma'a zai iya sha da sassafe sosai ko bayan ya dawo daga masallaci, likitoci sun saba da wannan tambayar. Abun da ba a so shine a tsallake gaba ɗaya, ko a kai shi dare ya hana shi barci.

Gishiri kuma da Mama zaki yi wannan hirar dan tukunyar a hannunta take. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi ko lafiyayye kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan, duka abincin yini fa ba miya ɗaya ba. Mu kuma matsalarmu ba gishirin da ake barbaɗawa kaɗai ba ne, magi ne guda huɗu biyar a tukunya, ga yajin tsire ga kilishi ga kifin gwangwani ga garin da ke zuwa cikin ledar taliyar yara, ga kanwa da ake jefawa a wake da miyar kuka da kuɓewa wadda ita ma sodiyam ce irin ta gishiri, kunun kanwa kam a bar shi kawai. In Mama ta cire komai rana ɗaya dole ya ture kwano, ko ni zan ture. A riƙa ragewa kaɗan kaɗan cikin makonni, a cike gurbin da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da attaruhu da ɗan lemon tsami, harshe yana sabawa. Kuma a rage wa gidan gaba ɗaya, dan ba abun da ya kai a kawo wa maigida ɗan kwanonsa na marasa lafiya kowa na shan miya mai daɗi a gabansa cin rai. Akwai wani gishiri da ake sayarwa ana cewa na masu hawan jini ne, kada a saya sai an tambayi likita, fotasiyam ne a cikinsa kuma wasu magungunan zuciya irin su spironolactone da lisinopril dama suna tara fotasiyam a jini, in ya yi yawa shi kansa yana rikita bugun zuciya.

Akwai wanda baki ambata ba amma ina da yaƙinin yana nan, maganin ciwon jiki. Tsohon sojan da ya yi shekaru yana ɗaukar kaya a baya da wuya ya rasa ciwon gwiwa ko na ƙugu, sai a aiki yaro kemis a haɗo masa. Diclofenac da ibuprofen da piroxicam duk suna riƙe ruwa da gishiri a jiki suna wahalar da ƙoda, suna iya mayar da mai irin ciwon Baba gadon asibiti. Ƙaninki ya tattara duk ƙwayar da ke ɗakin har da ta cikin aljihun riga da jiƙe-jiƙen gora da 'yan dubiya ke kawowa, a zuba a leda a kai wa likita ya ware. Sai maganin ƙarfin maza da ake tallarsa a kasuwa da tasha, wanda sau da yawa ana cusa masa ƙwayar bature a ɓoye kuma in ta haɗu da wasu magungunan zuciya jini yana iya faɗuwa warwas. Wannan ba maganarki ba ce ba ta ƙaninki ba ce, a bar wa likita ya faɗa masa su biyu a ɗaki.

Tafiya kuma ana so ya yi in likita ya amince, zaman zaure ba hutu ba ne ga zuciya. Ya fara da minti biyar zuwa goma a fili mai laushi da safe kafin rana ta yi zafi ko bayan la'asar, ana ƙarawa a hankali, ma'aunin shine yana tafiya yana iya hira ba tare da numfashi ya yanke masa magana ba. Da soja tsoron ba wai ya ƙi ba ne, tsoron ranar da ya ji ƙarfi ya ce zai yi sassarfa irin ta bariki ko ya ɗauki fartanya ya nufi gona da tsakar rana. Ku tambaya a asibitin ko sashen fisiyo, masu gashin ƙashi ɗin nan, zasu iya tsara masa yadda zai riƙa ƙarawa.

Yanzu shirun nan na zaure, gaskiya shi ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki. Ciwon damuwa yana yawan biyo bayan ciwon zuciya, kuma wanda damuwa ta kama shi ne ke fara sakaci da magani. Mutumin da ya je Laberiya a shekarun 1990 ya ga abubuwan da bai taɓa ba ku labari ba, aiki da ƙarfin jiki suka danne masa su, yanzu ba aikin ba ƙarfin sai kwanciya da tunani. Ki tambayi Mama a hankali, yana barci? Yana firgita cikin dare? Ya daina sauraren rediyon da ya saba? Yana maganar cewa shi dai ya zama kaya ko gara ya tafi ya huta? In haka ne a gaya wa likita kai tsaye kamar yadda za a faɗi kumburin ƙafa, akwai magani akwai masu ba da shawara, ba hauka ba ne ba kuma raunin imani ba. Sannan ki nemo mini mutum ɗaya, wanda suka yi horon shiga soja na Defo tare a Zariya ko suka je Laberiya tare, Mama ta san su da sunayensu, in lamba ta ɓata ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion na jiha zai iya taimakawa. Ki kira shi ki gaishe shi da ladabi ki ce Baba bai ji daɗi ba, ki sa masa kati ki roƙe shi ya riƙa kiransa. Abun da ke baki isa ki faɗa ba shi zai faɗa masa da zolaya irin tasu, ya ce kai Samanja harsashi bai kashe ka ba sai gishiri, su yi dariya kuma maganar ta shiga. In shima yana shan maganin hawan jini, wanda a shekarunsu ba abun mamaki ba ne, shikenan sun samu abun yi wa juna bincike.

Sai abun da waya bata iya yi. In numfashi ya gagara yana zaune ba abun da yake yi, ko ya kasa kwanciya sam, ko ƙirji ya riƙe da ciwo na mintuna yana gumi ciwon na tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko ya suma, ko yana tari da kumfa mai ja-ja, ko baki ya karkace magana ta sarƙe, to ba Fatakwal za a kira ba, asibiti za a nufa a lokacin ko ƙarfe biyun dare ne, a kira ki daga hanya. Ku zauna tun yanzu ku tsayar da wane asibiti, motar wa, wane maƙwabci ne za a buga wa ƙofa, a rubuta lambobin a manna a bango, a ware 'yan kuɗi a wajen Mama da ba a taɓawa. Akwai lambar gaggawa ta 112 a sa ta a ciki, amma motar maƙwabci ta zama a shirye.

Batun ki tattaro ki dawo, a'a, ban ga dalili ba a yanzu. Ciwon nan ba na wata ɗaya ba ne, zama ake dashi shekaru ana lallaɓawa, ba zaki bar ɗakinki da karatun yara akan abun da ba ranar gamawa ba, kuma in kin dawo kin tsaya masa a kai abun da kike yi a waya ne zaki koma yi ido da ido. Amma ki nemi izinin maigida ki je sau ɗaya, ki daidaita zuwan da ranar komawarsa asibiti. Ki shiga ɗakin likita tare dashi in ya yarda, ki ji sunan kowace ƙwaya da aikinta ki ɗauki hoton kwalayen, ki tambayi nauyin da ake so ya tsaya a kai da awon jinin da ake nema, da yawan ruwan da zai sha a rana dan zafin arewa ba wasa ba ne kada ku rage masa ruwa da ka, ki tambayi maganar azumi tun kafin watan ya zo, sannan ki roƙi lambar da za a iya kira in sikeli ya nuna wani abu. Sauran ranakun asibitin ƙaninki ya sa ki a sifika in likita bai ƙi ba. Ki kuma duba ko Baba yana da rajista da DHML, wato inshorar lafiyar sojoji wadda masu ritaya ma suna ciki, in yana da ita a ga wane asibiti aka rubuta masa da abun da take ɗauka, dan magungunan nan na kullum ne kuma da yawa daga cikin masu daina sha a tsakiyar wata kuɗi ne ya yanke ba son rai ba.

Ƙanin naki kuma da ya ce ki dawo, ki ji abun da ke ƙarƙashin maganar, gajiya ce. Shi ke zuwa kemis shi ke bin layi a asibiti shi ke shan faɗan Baba, ke kina nesa kina kira kina tambayarsa me ya sa ba a yi kaza ba. Ki ɗauke masa wani abu da gaske, kuɗin maganin wata ya zama naki ki riƙa turawa kafin ya ƙare da sati ɗaya, ki sa masa data, ki tambaye shi shima ya yake. Kuma kada ki mayar dashi ɗan leƙen asiri yana kawo miki rahoton Baba a ɓoye, ranar da Baba ya gane to ku biyun zai rufe wa ƙofa. Duk abun da zai gaya miki ya faɗa a gaban Baba wayar na sifika.